Gawo a Tsakanin Ƙasa Biyu: Tarihin Yaƙi da Hamada Daga Dutsi Zuwa Maraɗi

Wanda ya taso daga Katsina zai tafi Daura, in ya wuce Mashi ya iso Shargalle, to ya shiga ƙasar Dutsi. A sarauta ƙasar Marusa ce, ɗaya daga cikin hakiman Katsina, amma a siyasa cikin shiyyar Daura ake lissafa ta, kuma ruwanta da iskarta ɗaya ne da na Daura da Sandamu da Mai'aduwa. Daga Shargalle zuwa Kwangwalam, inda shingen kwastan yake, mota ba ta cin awa guda. Bayan shingen sai Ɗan Barto, sai Matamai, sai Damagaram. Duk jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, damina wata uku ko huɗu, sauran shekara kuwa rani da iska.

Iyakar da ta raba wannan ƙasa biyu ba ta daɗe ba in aka auna ta da shekarun garuruwan. Ingila da Faransa sun fara zana ta a takarda a 1890, suka sake ta a 1898, suka ƙara gyara ta a 1904 da 1906. Abin da ya jawo yawan gyaran ruwa ne: Faransawa sun yi ƙorafin cewa layin 1898 bai bar musu hanya mai rijiyoyi ba tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi layin suna kakkafa alamu, guda 148. Wasu ƙauyukan tsohuwar ƙasar Daura suka wayi gari a hannun Faransa. Wani Ba'amurke, William Miles, ya zauna a 'Yardaje ta wannan gefe da Yekuwa ta wancan gefe, ya rubuta littafi a 1994 kan yadda mutanen da asalinsu ɗaya suka tashi a ƙarƙashin hukuma biyu. Abin da ya faru da mutane ya faru da itatuwan gonakinsu.

Karon farko da hukumomin gefen biyu suka haɗa kai kan sha'anin daji, tsoro ne ya haɗa su. A 1934 wani farfesan ilmin gandun daji daga Jami'ar Edimbura, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo. Ya ga rairayi da ƙura da itatuwa tsirara, ya koma gida ya ba da sanarwa a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu, har Kano ma tana cikin haɗari, kuma maganin shi ne a dasa doguwar katangar itatuwa a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin biyu, suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji, wanda ya yi rangadin iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Cikin wakilan Faransa akwai André Aubréville, wanda daga baya, a 1949, littafinsa ya yaɗa batun kwararowar hamada a duniya. Kwamitin bai ga rairayin da ke tafiya ba. Ya ce hamada na nan inda take. Ɓarnar da ake gani ta hannun mutane ce, ta sassabe da ƙunar daji da saran itace.

Rabin wannan hukunci gaskiya ne, amma abin da aka gina a kansa ya yi illa mai tsawo. Tunda an ce manomi ne mai laifi, sai aka raba shi da itacen. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke, kuma Nijar ta riƙe wannan tsari a dokarta ta 1974. A Nijeriya dokar 1937 ta ƙarfafa gandun daji na En'e da ikon malaman daji. Darasin farko da talaka ya samu kan muhalli daga hukuma, a gefen biyu, tara ce. Ya kuma fahimci darasin sarai: itacen da ya girma a gonarka zai jawo maka malamin daji, don haka gara ka sare shi tun yana toho, kafin wani ya ƙidaya shi.

Ba wai Bahaushe bai san darajar itace ba kafin zuwan Turawa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, kan duk wanda ya sare gawo. Manomi kuwa ba ya bukatar sarki ya gaya masa amfanin gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi ganye da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne, kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa ƙarin taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki da tumaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Duk wanda ya taɓa noma ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri.

Zamanin gyaɗa ya zo ya ƙara dagula lissafin. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗin haraji da kuɗin aure, daga ƙasar Katsina da Daura har Maraɗi da Magarya, waɗanda tasu gyaɗar ma ta Kano take bi zuwa teku. Gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Daga baya malaman gona suka zo da garmar shanu, suna koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka tumɓuke mata kututture, don kada ya karya garma. Manomin da ya bar sabara da kalgo a gonarsa sai a ce rago ne. Wannan ma ilmin muhalli ne, an koyar da shi da gaske, an kuma karɓe shi.

Farin 1972 zuwa 1974 ya tona asirin gona mai tsabta. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka kwararo kudu, garuruwan bakin iyaka suka cika da baƙi. Gwamnatoci suka tashi, kowace ta nata ɓangare. Ƙasashen Sahel sun kafa kwamitinsu na yaƙi da fari, CILSS, a 1973, amma Nijeriya ba ta ciki. Nijar ta mai da ranar 'yancin kanta, 3 ga Agusta, ranar dashen itace tun daga 1975, kuma a wannan shekarar ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi don kare iska a kwarin Majiya, wajen Buza. Nijeriya ta ɓullo da nata shirin dashe a jihohin arewa a ƙarshen shekarun 1970. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 zamanin Janar Gowon da Diori Hamani, mai ofis a Yamai, sai dai a shekarunta na farko ciniki da sufuri suka fi ɗaukar hankalinta.

Duk waɗannan shirye-shirye tunaninsu ɗaya ne da na Stebbing: a rena itace a leda, a ɗauko a mota, a dasa. Majiya ta yi nasara, amma a wurare da yawa akuya da rani suka cinye dashen kafin shekara ta zagayo. Ana dasa itace ranar biki, a yi jawabi, a watse, ba wanda aka ce nasa ne balle ya ba shi ruwa a watan Maris.

Abin da ya canja labarin ya faru ne a Maraɗi. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM, ya shekara biyu yana fama da dashen da ba ya kamawa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ke warwatse cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa duk bazara, ba ciyayi ba ne: toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai, ta yi nisa a ƙasa. Ba dashe ake bukata ba. A zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a riƙa yi musu aski, a hana wuta da gatari. Tunda saiwar ta riga ta kai ga laima, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace. Manoman Nijar suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada. Sai yunwar 1984 ta zo, ta kuma zo daidai da rufe iyaka. A watan Afrilun wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Mutanen kudancin Nijar, waɗanda suka saba sayen hatsi da yin cin-rani a Nijeriya, suka rasa mafita, shi ya sa har yau suke kiran yunwar da sunan El-Buhari. A cikin wannan hali mishan ɗin ta raba abinci bisa sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar wajen dubu 500. Da abinci ya ƙare, manoma suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wanda ya ga haka zai ce aikin ya rushe, amma kashi ɗayan da ya tsira shi ya zama makaranta. Masu shi sun sami itacen girki a gonarsu, sun sami na sayarwa, iska ta rage binne musu shuka, geronsu bai ragu ba. Maƙwabta suka gani da idonsu.

A wannan shekara ta 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tara babban taron ƙasa a Maraɗi kan hamada, inda aka amince cewa sai an sa talakawa a gaba. Abin da ya fi taron tasiri, a ganina, shi ne raunin hukumar kanta. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta shiga rikicin siyasa a farkon shekarun 1990, malaman daji suka rage shiga ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu tun kafin doka ta ce haka. Karyewar darajar sefa a 1994 ta sa takin zamani ya fi ƙarfin talaka, gawo ya zama takin da ba a saye. Doka ta biyo baya a hankali: tsarin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sai dokar 2020 da ta fito fili ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, wajen Agiye, mutane suka kafa kwamitocin tsaron itace da suka haɗa da mata da makiyaya, domin wanda ya fi kawo rigima shi ne mai sara da dare da makiyayin da ke sassako reshen gawo wa shanunsa.

A gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, waɗanda biyun farko ke daf da ƙasar Daura, manoma sun cika gonaki da gawo ba tare da wani babban shiri ya tsaya a kansu ba. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006, da hotunan sama da Gray Tappan ya kwatanta, suka nuna girman abin: kimanin hekta miliyan 5 a faɗin kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. A wasu hotunan ana iya gane inda iyaka ta bi, don gefen Nijar, wanda ya fi ƙarancin ruwan sama, ya fi duhun itatuwa. Bai kamata a miƙe da wannan a ce manomin Nijeriya bai san itace ba. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Kano, ya nuna cewa manoman kewayen birnin sun riƙe itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a. Bambancin ya fi alaƙa da takin gwamnati mai rahusa a zamanin kuɗin man fetur, da kuɗin cin-rani, da bakin birane masu cin itace da gawayi.

A gefen Katsina hanyar da aka bi daban ce. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da kuɗin Tarayyar Turai, wanda aka fi sani da KTAPU. Ya buɗe wuraren renon itace, ya dasa layukan kare iska, ya raba wa manoma dashe, ya kuma shiga makarantu ya kafa ƙungiyoyin ɗalibai masu kula da itace. Ba ƙaramin aiki ya yi ba; da yawa daga cikin layukan bedi da turare da matafiyi ke gani a arewacin jihar na wancan zamani ne. A Nijar ma, daga 1990, wani shirin CILSS da Turai ta ɗauki nauyinsa ya sa darasin muhalli a makarantun firamare. Abin lura shi ne mai ba da kuɗin ɗaya ne, yaran harshensu ɗaya, tsakanin wasu makarantun tafiyar keke ce, amma kowane shiri babban birninsa yake kallo, ɗaya da Turanci, ɗaya da Faransanci.

Shekarar 1990 ita ce ta yarjejeniyoyi. A Janairu ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yaƙi da hamada, a Yuli kuma a Maiduguri kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Yarjejeniyar Maiduguri ta ambaci magudanan ruwa huɗu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El-Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Biyu na tsakiya daga Jihar Katsina suke tasowa su gangara arewa, wato a nan Nijeriya ce a sama, Nijar a ƙasa. Duk madatsar da aka gina a wannan gefe, irin ta Jibiya a kan Gada, masu lambu a wancan gefe suna ji a rijiyoyinsu, kuma mutanen Maraɗi sun daɗe suna kuka da raguwar ruwan gulbinsu. Dutsi ma tana da tata madatsar, Daberam, tsakaninta da Daura, wadda masunta da masu noman rani ke dogaro da ita, wadda kuma yashin da ruwa ke kwasowa daga gonakin da ba itace yake cike ta sannu a hankali.

Sai siyasa ta sake shigowa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa, ɗan gwagwarmayar ƙabilar Ogoni, a Nuwamban 1995, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya, shirin Katsina ya rasa babban mai ɗaukar nauyinsa. Manomin Dutsi bai san Ogoni ba, amma dashensa ya ji a jikinsa. Rigar aro ce, mai ita ya karɓe.

Abin da ya biyo baya ana iya taƙaita shi. A tsakiyar shekarun 2000 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa wani shirin haɗin gwiwa a magudanan ruwan nan huɗu, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa ta 1971. Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da maganar katangar itatuwa a 2005, Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, layi mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa mata hukuma a 2015 don jihohi 11, har da Katsina. Shekara saba'in bayan Stebbing, shawararsa ta dawo da sabon suna. Sai dai masu tafiyar da ita sun koyi wani abu a hanya: a yau sun rage maganar layi ɗaya miƙaƙƙe, sun fi maganar gonaki da makiyaya da fadamu da za a farfaɗo, kuma misalin da suka fi kawowa shi ne na manoman Maraɗi da Damagaram.

Dutsi ta shiga wannan babi da sunanta a 2014, lokacin da Oxfam da cibiyar ICEED, da kuɗin Tarayyar Turai, suka fara shirin daidaita itacen girki a ƙananan hukumomi bakwai: Ɓaure, Daura, Dutsi, Mai'aduwa, Mashi, Sandamu da Zango. Shirin ya kama matsalar ta baki biyu. A gona ya koyar da renon toho, a gida kuma ya kawo murhu mai tsimin itace, aka koya wa masu ginin tukwane yin sa don kada ya zama kayan da sai an kawo daga birni. Kama ta wajen murhu hikima ce, domin matan da ke hura wuta sau biyu ko uku a yini su suka fi kowa sanin tsadar itace, kuma shirye-shiryen baya sun fi yin magana da maza. Amma akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba. Dabarar da aka koyar a gonakin Dutsi a 2014 ita ce wadda manoman Matamai da Magarya suka shekara talatin suna yi, mutanen da ake haɗuwa da su kowace Lahadi a kasuwar Mai'aduwa, ana cinikin shanu da raƙuma, ana auratayya. Sai da ta bi ta rahotannin masana da ofisoshin Turai kafin hukuma a wannan gefe ta ɗauke ta da daraja.

Tun daga nan iyakar ta rufe sau biyu. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, abin da ya jefa tsarin takardar ƙetaren makiyaya na 1998 cikin rashin tabbas, alhali shanun da ke gangarowa kudu da rani su koma arewa da damina ba su daina bin burtalinsu ba. A gefen Nijeriya sabon babban shiri shi ne ACReSAL, na bashin Bankin Duniya dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja. Shi ma a iyaka ya tsaya. Hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ba ta ECOWAS ba ce, ta ƙasashen biyu ce kaɗai, don haka ta tsira. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da ita. Cikin ayyukan da ke gabanta akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ɗaya daga cikin tashoshinsa a Shargalle aka tsara ta.